Fiyano a Ɗakin Ajiya, Gwanaye a Bayan Katanga

Shekara tara ina koyar da kwamfuta a wata ƙaramar sakandare ta al'umma a cikin birnin Kano, kafin a ɗora mini darasin da ko a mafarki ban taɓa karantawa ba. Malamar da ke riƙe da darasin al'adu da fasahar ƙirƙira, wanda yara ke kira CCA, an yi wa maigidanta canjin wurin aiki, ta bi shi. Shugaban makaranta ya kira ni ofis, ya miƙo mini wani makulli mai tsatsa, ya ce, "Malam, tunda kai ne mai harka da wayoyi, je ka duba sito, akwai kayan da za su yi maka amfani."

Abin da na tarar shi ne fiyano ƙirar Yamaha ko ledarsa ba a cire ba, da makirufo biyu, da 'yar ƙaramar mikisa, da sifika guda. Wani tsohon ɗalibinmu ne ya kawo su kyauta shekara uku kafin nan. An yi taro, an yi hoto, an yi masa addu'a, aka kulle. Ɓeraye sun cinye wayar wutar fiyanon, zanzaro kuma ya yi gini a bayan sifikar har hawa biyu. Na tsaya ina kallonsu, ban san ramin da za a soka wace waya ba.

Ba laifin malamar da ta tafi ba ne. Yadda aka tsara manhajar ilimin bai ɗaya a Najeriya, zane da wasan kwaikwayo da rawa da kiɗa duk an cusa su cikin darasi guda, malami guda. Wanda ya karanci zane shi zai koyar da kiɗa, a kan allo. Na ga littattafan yaran: sun zana layukan nan biyar na rubutun kiɗan Turawa, sun haddace sunayen alamomin, sun ci jarrabawa, amma ba wanda ya taɓa jin yadda alama ɗaya take fita a kunne. Malaman da suka karanci kiɗa a jami'a kuwa, sai an tona. Sashen kiɗa na Jami'ar Nsukka tun 1961 yake, kuma har yau mafi yawan irin waɗannan sassa a kudancin ƙasar suke. Idan makaranta a Kano ko Gusau ta ce sai ta samu mai digiri a kiɗa za ta buɗe sito, to zanzaro zai ƙara hawa na uku.

Abin takaicin kuma abin dariya, tsakanin makarantarmu da Titin Gidan Zoo bai fi tafiyar adaidaita-sahu ɗaya ba. Can kuwa, a benaye da lunguna, akwai samarin da wannan fiyanon da ya gagare ni shi ne abincinsu. Tun ƙarshen shekarun 1990, lokacin da fiyanon Yamaha ya shiga sutudiyoyin Kano, ya sauya waƙar fim ɗin Hausa gaba ɗaya. Waɗanda suka yi zamanin fim ɗin Sangaya na 1999 sun san yadda kiɗansa ya cika gari, domin an sa na'ura ta kwaikwayi amon kayan kiɗanmu na gida. Daga baya kwamfuta ta karɓe ragama, manhajoji irin su FL Studio da Cubase suka zama ruwan dare. Ba makarantar da ta koya wa waɗannan samari. A gindin maigida suka koya, daga sayo fetur ɗin janareto da nannaɗe waya, har ran da aka ce wa yaro zauna ka ɗauki muryar nan. Ko a ƙetaren iyaka haka abin yake: a Yamai, Mamman Sani ya fitar da kaset ɗinsa na kiɗan ogan mai lantarki tun 1978. Ilimin yana nan cikin gari. Katangar makaranta ce kawai bai tsallako ba.

Sai na yi wauta ta farko. Ina da wani tsohon ɗalibi da ke aiki a sutudiyo, na ce ya zo ranar Laraba ya nuna wa yara. Ya zo, ya gyara waya, ya kunna, ya saki wani kiɗa da ya girgiza tagogi. Yara suka haukace da murna. Kafin Juma'a magana ta zaga unguwa cewa an mayar da makaranta gidan gala. Ranar Litinin wani dattijo, mahaifin wata yarinya 'yar aji biyu, ya same ni a bakin ƙofa. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Malam, na kawo 'yata ta yi karatu. Da roƙo nake so ta koya, na san gidan da zan kai ta."

Na ji zafin maganar, amma da na kwana na tashi sai na ga bai yi ƙarya ba. A ƙasar Hausa kiɗa sana'a ce ta gado, tana da gidajenta, tana da matsayinta, kuma iyaye da yawa da ke jin daɗin waƙar Shata ko Ɗanƙwairo ba za su so ɗansu ya rataya ganga ba. Ga kuma maganar addini, wadda malamai suka daɗe suna saɓani a kanta, ba kuma malamin kwamfuta ne zai yanke ta ba. Ni kuma na shigo da abu cikin rayuwar 'ya'yan mutane ban yi sallama ba. Gwamnatin tarayya ma ta taɓa yin irin wannan. A 2016 aka ba da sanarwar gina ƙauyen shirya finafinai a Kofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, aikin da aka ce zai ci naira biliyan 3. Malamai da jama'a suka yi ca, cikin 'yan kwanaki aka janye. Kowa na da ra'ayinsa kan wanda ya yi daidai a waccan rigima. Abin da ni na ɗauka shi ne an fara da sanarwa, aka bar shawara a baya, kuma wanda ba a tambaya ba tun farko yana da ikon rushe abu ko nawa aka zuba.

Don haka na mayar da fiyano sito na koma farko. Kowace makarantar gwamnati, da ma irin tamu, ana so ta kasance da kwamitin al'umma mai kula da ita, wanda ake kira SBMC. A cikinsa akwai wakilin masu sarauta, da na malaman addini, da na mata, da tsofaffin ɗalibai, har da masu sana'ar hannu. Namu a takarda kawai yake, sai in rufin aji ya yaye ake tuna shi. Na roƙi shugaban makaranta ya kira shi. Kafin zaman kuma na bi gida-gida: mai unguwa, limamin masallacin Juma'a, shugabar Islamiyyar matan aure, da shi dattijon da ya tare ni.

Wurin Liman ne al'amarin ya juya, ta inda ban zata ba. Ina ta kewaye-kewaye, ina cewa, "Allah gafarta Malam, ba kiɗa ne zalla ba, ilimin sauti ne," sai ya katse ni. "To in ilimin sauti ne, me ya sa lasifikarmu take kuka duk ranar Juma'a, mun canza makirufo sau biyu?"

Wannan kam na san amsarta. Idan makirufo yana jin abin da lasifika ke fitarwa, sai ya sake tura shi cikin amfilifaya, ya fito da ƙarfi, ya sake shiga, haka yake zagayawa har ya zama ƙarar nan mai tsaga kunne. An ɗaura ƙahon lasifika ɗaya a cikin masallaci yana fuskantar mumbari. Ranar Alhamis na zo da tsohon ɗalibin nan nawa da yara maza huɗu, muka juya ƙahon, muka rage ƙarfin makirufo, muka ɗan danne siririn amo a jikin amfilifaya. Aka yi huɗuba lafiya lau. A zaman kwamiti Liman da bakinsa ya ce a bar yara su koyi wannan abu, da sharuɗɗa.

Ya kamata in faɗi abin da ake nufi da wannan ilimi, domin ni ma a da ina ɗauka buga fiyano ne kawai. Sauti girgizar iska ce. Makirufo yana mayar da ita lantarki, kwamfuta kuma tana auna lantarkin nan tana rubuta shi da lambobi, sau 44,100 a kowace daƙiƙa in ana son ingancin faifan CD. Da zarar murya ta zama lambobi, ana iya ganinta a allo kamar tsaunuka, a yanke, a liƙa, a share tari, a rage hayaniyar janareto, a jera murya goma su tafi tare. Manhajar da muka fara da ita, Audacity, kyauta ce, kuma tana tafiya a tsohuwar kwamfuta. Akwai BandLab da ke aiki a waya. Wanda ya iya wannan, ba mawaƙi kaɗai ke nemansa ba. Tun da Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003, gidajen rediyo masu zaman kansu suka yi ta ƙaruwa, ga Arewa24 da ta zo a 2014, ga masu tafsirin azumi, ga masu bege, ga masu tallan magani, ga ɗakunan biki. Kowannensu yana buƙatar wanda zai zauna a bayan mikisa. Da na lissafa wa iyaye wannan, fuskoki suka fara sakewa. Sana'a suka gani, kamar gyaran waya.

Aikinmu na farko ba kiɗa a ciki ko kaɗan. Yaran Islamiyya masu shirin musabaƙa muka ɗauka, kowa ya ji karatunsa da kunnensa. Malaminsu ya ce gyaran da yake yi wa wani yaro wata uku bai shiga ba, da yaron ya ji kansa sau ɗaya ya gane inda yake cinye madda. Na biyu kuwa daga mata ya fito. Shugabar Islamiyyar, wata Hajiya mai kaifin baki, ta ce, "Ku da kuke neman abin ɗauka, kakanninku na nan suna mutuwa da waƙoƙin niƙa da na daɓe da na reno. Wa ya ɗauka?" Aka ba 'yan mata aikin gida: kowace ta ari wayar gidansu ta ɗauko murya ɗaya daga wata tsohuwa, da izininta. Abin da suka kawo ya fi ƙarfin abin da na shirya. Wata ta kawo tatsuniya da waƙarta a ciki, ana jin akuya na kuka a baya, aka yi darasi guda a kan ko a share akuyar ko a bar ta. Aka bar ta.

Sai maganar mai sutudiyo. Tsohon ɗalibina yaron shago ne, ba shi da ikon lokacinsa, don haka maigidansa na je na gani. A nan ne makarantu da yawa ke kuskure: suna zuwa da ƙoƙon bara, suna jiran mutum ya bar neman abincinsa saboda Allah, har abada. Zai zo sau biyu, na uku ya kashe waya. Na tambaye shi kai tsaye me zai samu. Ya yi dariya ya ce abu biyu ke damunsa. Yaran da ke zuwa koyon aiki wurinsa ba su iya ajiye fayil da suna ba, ba su iya rubuta rasit ba, wasu ko baitin da za a rera ba sa iya karantawa. Na biyu, surukinsa har yau kallon ɗan iska yake masa. Muka shirya: zai riƙa zuwa Asabar biyu a wata, makaranta ta ba shi kuɗin mai, in an yi taron iyaye a kira shi Malam a zaunar da shi a sahun malamai, kuma duk wanda ya gama aji uku da hannu mai kyau, in iyayensa sun yarda, shi zai fara zaɓa. Ranar da aka ba shi takardar yabo a gaban mai unguwa, da ya karɓa sai da ya juya baya ya goge ido.

Darasin da ba zan manta ba shi ne ranar da muka kawo makaɗin kalangu. Dattijo ne da ya yi wa mahauta kiɗa shekaru aru-aru, yanzu bukukuwa sun koma hannun masu DJ, yana zaune. Da na je gayyatarsa ya ce, "Ɗana, me zan yi a makarantar boko?" Na ce, "Baba, koyarwa za ka yi." Ya zo da babbar riga. Aka kafa masa makirufo dab da samfara, ya ɗaga gula ya sauke sau ɗaya, allon kwamfuta ya yi ja wur. Mai sutudiyo ya tsayar da shi, ya juya ga yara: me ya faru? Bugun ya fi ƙarfin abin da na'ura za ta iya aunawa, sai ta aske kan tsaunin, amon ya fashe. Aka ja makirufo baya kamar taki ɗaya, aka rage ƙarfi, aka sake.

Daga nan Baba ya matse tsarkiya a hammata, amon ya hau, ya saki, ya sauko, ya kira sunan wani yaro da kalangu har yaron ya amsa ba shiri. Aka ce wa gwanin fiyanon ajin ya maimaita. Ya kasa. Fiyano matakala ce mai hawa goma sha biyu, daga wannan sai wancan, kalangu kuwa gangara ce, yana bi ta tsakanin matakan yadda harshenmu ke bi. Na rubuta "kuka" a allo, na ce wata ta faɗi kuka na hawaye, ta faɗi kuka ta miya, muka ɗauka, suka ga a allo yadda ɗaya ta tsaya a sama ɗaya ta faɗo. Malamin Hausa da ya leƙo ya ce shekara nawa yana fama da karin sauti a aji, bai taɓa samun abin nunawa irin wannan ba. Mai sutudiyo kuma ya yi wani bayani da ya burge ni, a kan Auto-Tune, manhajar nan da ta fito a 1997 wadda ke jan murya zuwa mataki mafi kusa. Ya ce in ka matsa mata da yawa, tana gyara waƙa ta ɓata Hausa. Baba bai san sunan abin ba, amma ya gyaɗa kai, ya ce shi ya sa waƙoƙin yanzu duk muryarsu ɗaya.

Mun sallame shi da abin da ya sawwaƙa, daga aljihun iyaye. Ba a kiran makaɗi a bar shi ya tafi hannu rabbana, ko da sunan darasi ne. Kuma mun tura masa abin da aka ɗauka a katin waya, domin nasa ne.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu nisa a wannan harka ta haɗa makaɗan gargajiya da makaranta. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya tun 1989, inda aka tara kayan kiɗan gargajiya ake kuma koyar da na zamani. Marigayi Malam Mamman Barka, wanda malamin makaranta ne tun asali, ya tafi har yankin Tafkin Chadi ya zauna gaban tsohon da ya rage cikin masu kaɗa biram na Buduma, ya koya, ya fitar da shi duniya kafin rasuwarsa a 2018. A Turai ma ba makaranta ke ɗaukar kayan ita kaɗai ba. Ingila tun 2012 ta kafa cibiyoyin da ke haɗa makarantun yanki da ƙungiyoyin makaɗa da sauran masu ruwa da tsaki, a yi aiki da kuɗi ɗaya. A Amurka akwai gidauniyar Save The Music, wadda aka kafa a 1997, kuma sharaɗinta ya fi komai burge ni: tana ba da kaya ne in hukumar makarantun ta ɗauki nauyin malami ta kuma sa darasin cikin jadawali. Da tsohon ɗalibinmu mai kyautar fiyano ya gindaya mana irin wannan, da ɓeraye ba su samu abinci ba.

Sharuɗɗanmu mun rubuta su a takarda ɗaya, kowa ya sa hannu, kuma ina ba duk mai son gwadawa shawara kada ya tsallake wannan, ko da tsakanin 'yan uwa ne. Sutudiyo ke zuwa makaranta, yaro ba ya zuwa sutudiyo. Lokacin mata daban, kuma sai da malama a ɗakin. Ba a sa muryar yaro ko hotonsa a Facebook ko TikTok sai mahaifinsa ya yarda a rubuce. Duk baitin da za a rera, malamin Hausa da wakilin Liman sai sun gani. Uban da bai so ba, ɗansa zai tsaya a ɗaukar magana da karatu, ba kuma za a rage masa maki ba. Makulli biyu ne, ɗaya a wurina, ɗaya a wurin ma'ajin kwamiti. Wasu abokaina na ganin mun ɗaure kanmu da yawa, har wani ya kira abin hukumar tace finafinai ta cikin gida. Wataƙila. Amma 'yar dattijon nan da ya tare ni a ƙofa ita ce ta fi kowa iya yanka murya a ajinsu, kuma shi ya sa hannu.

Wuta ce ta kusa kashe mu. Asabar uku a jere ana ɗauke ta mai sutudiyo na zaune. Janareto kuma in ya tashi, shi makirufo ke ji. Wani uba mai haɗa sola ya ba mu faranti ɗaya da tsohon batir da 'yar inbata, ya ce kuɗin aikinsa shi ne a ɗaukar masa talla. Yara suka rubuta, suka karanta, suka haɗa, yanzu haka tana yawo a wayoyin unguwa. Teloli biyu da mai kanti sun biyo baya, abin da suka bayar shi muke sayen waya da soso da shi. Bangon ɗakin kuwa, tsofaffin katifu da barguna ne iyaye mata suka tara, su ke shanye amsa-kuwwa. Kwalin ƙwai da ake liƙawa a wasu wurare, mai sutudiyo ya ce ado ne kawai, ga shi da saurin kama wuta.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Da kakar siyasa ta kama, sutudiyoyi suka cika da masu waƙar 'yan takara, Malam mai sutudiyo ya ɓace mana wata huɗu cur, ban kuma ga laifinsa ba, lokacin girbinsa ne. Wani ɗan takarar kansila ya aiko a ba shi yara su yi masa amshi zai saya mana kwamfuta, kwamiti ya ƙi, na yi kwana biyu ina tunanin kwamfutar nan. Baba mai kalangu ya kwanta rashin lafiya da damina, bai sake zuwa ba. Jikansa ne ya zo ya roƙi a sake tura masa kiɗan, katin farko ya ɓata.

A watannin da mai sutudiyo bai zo ba, wasu yara biyu da suka gama aji uku bara su suka riƙe Asabar ɗin, ni ina zaune a baya ina duba littafin rajista. Batir ɗin sola ya fara gajiya, ba ya kai mu azahar. Zaman kwamiti na gaba ranar Lahadi ne bayan la'asar, a zauren mai unguwa, kuma Hajiya ta riga ta aiko cewa kafin a taɓo maganar batir, tana son jin dalilin da ya sa maza ke samun awa biyu mata awa ɗaya da rabi.